Ku Tambaya Mu Amsa: Kaushi Iri-iri a Yaren Mutanen Sifaniya

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk daga Legas suke, kuma duk a kan abu ɗaya: Bahaushe ya ce "kaushi" ya gama magana, amma mai Sifaniyanci yana da kalmomi fiye da goma a wannan gurbi, kowace da inda take zama. A harkar saye da sayarwa, ɗaukar wata a maimakon wata kan jawo asarar kuɗi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da tayil a kasuwar kayan gini ta Orile-Coker. Wani da ke gina masallaci yana son tayil na wurin alwala, wanda ba ya santsi. Na rubuta wa wakilin wani kamfani a Sifaniya, na sa waya ta fassara mini "mai kaushi", ta ba ni áspero. Sai ya amso yana tambaya ko kayan da suka turo mini a baya ne suka zo da matsala. Ina aka samu saɓani? (Mai shagon tayil, Orile)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wayar ba ta yi maka ƙarya ba, áspero kaushi ne. Sai dai kaushi ne irin wanda hannu ke shafawa ya ji ba daɗi, don haka a kunnen mai masana'anta kalmar ƙorafi ce. In ka ce masa tayil áspero ne, abin da zai fara zuwa ransa shi ne saman tayil ɗin bai gasu daidai ba, ko an samu aibu wajen zuba masa ƙyalli. Shi ya sa ya ɗauka kuka ka kawo.

Kalmar da ake siffanta kaya da ita ba tare da zargi ba ita ce rugoso. Danginta ɗaya da arruga, wato tamoji ko yamutsewa, kuma tana nufin fuskar da ke da ƙananan tudu da kwari, kamar bawon lemo ko jikin dutse. Acabado rugoso shi ne gamawa mai kaushi da aka yi da gangan. To amma ko ita ma ba ita ce ainihin abin da kake nema ba. Kai tayil marar santsi kake so, sunansa antideslizante. Tayil na iya zama rugoso a ido da hannu, amma ruwa da sabulu na zuba a kai ya kwashe ƙafar mutum, musamman in an lulluɓe tudun nan da ƙyalli. Haka nan kada kalmar mate ta ruɗe ka. Ma'anarta kawai ba ya sheƙi. Relieve kuma zane ne mai tudu na ado. Babu ɗayansu da ke ba ka tabbacin cewa dattijo zai taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa bai zame ba.

Abin da zai ba ka tabbaci lamba ce. Dokar gine-gine ta Sifaniya ta kasa daɓe gida huɗu, daga clase 0 zuwa clase 3, bisa gwajin da ake yi da wani ƙarfe mai lilo da roba a bakinsa. Wanda ya samu maki 15 zuwa ƙasa clase 0 ne. Sama da 15 zuwa 35 clase 1. Sama da 35 zuwa 45 clase 2. Abin da ya haura 45 shi ne clase 3. Busasshen ɗaki clase 1 ya ishe shi. Banɗaki, kicin da bakin ƙofar shigowa daga waje clase 2. Farfajiya, gefen wurin ninƙaya, wurin wanka, da matakalar da ruwa ke taɓawa, clase 3. Wurin alwala yana cikin wannan rukuni na ƙarshe, ba ma sai an yi gardama ba.

Za ka kuma ga R9 zuwa R13 a kan kwali. Wannan ma'aunin Jamus ne: ana zuba mai a kan tayil, mutum ya taka da takalmin aiki, ana ɗaga gefe ɗaya har sai ya zame. R9 ya tsaya tsakanin digiri 6 da 10, R11 tsakanin 19 da 27, R13 sama da 35. Lura da cewa gwajin na mai takalmi ne, masu alwala kuwa ba takalmi suke takawa ba. Na ƙafa tsirara a kan ruwa shi ne mai haruffa A, B, C, kuma C ya fi riƙe ƙafa, daga digiri 24 zuwa sama. Saboda haka kada ka amince da wanda zai ce maka "R11 ne, ai ya wadatar". Nemi clase 3 tare da C. Ga abin da za ka rubuta masa: "Necesito pavimento antideslizante, clase 3, para zona húmeda con pies descalzos. Envíeme la ficha técnica." Wato kana buƙatar tayil na ƙasa marar santsi, aji na uku, don wuri mai ruwa da ake takawa ba takalmi, kuma ya turo maka takardar bayanin kayan. Pavimento na ƙasa ne, revestimiento na bango, kada a haɗa.

Wani abin da ke cin 'yan kasuwa: masana'antun yankin Castellón, inda ake yin mafi yawan tayil ɗin Sifaniya, sukan fitar da zane ɗaya da gamawa biyu ko uku, natural, pulido mai sheƙi, da antideslizante. A hoto ba za ka bambance su ba, sunansu ɗaya, lambar oda ce kawai ta bambanta. Duba lambar a kan takardar farashi kafin ka biya, don in kwantena ta sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa da wanda ba shi ba, mayar da ita ya fi ƙarfin ribar.

Ka kuma gaya wa mai ginin gaskiya: tayil mai riƙe ƙafa yana riƙe datti. Mai ɗaura shi ya goge simintin cike tsakani da jiƙaƙƙen soso tun bai bushe ba, yanki-yanki, domin in ya kwana a cikin ƙananan ramukan nan sai an sa ruwan wanki mai asid, wanda suke kira desincrustante, kafin ya fita. Wannan ruwa ba a kai shi kan mabul, cinye shi yake yi. Bayan haka wankinsa da buroshi ne, ba tsumma ba. A damunar Legas, in aka bar sabulu da gansakuka suka cike ramukan, clase 3 ɗin ma zai koma yana santsi.

Tambaya: Ina haɗa fatun awaki daga Oko-Oba da na Arewa, ana jeme mini, ina sayarwa a Mushin, wani lokaci kuma ina tura wa wani mai saye a Sifaniya. A kaya na ƙarshe ya rage mini kuɗi, ya rubuto cewa "flor áspera, tacto acartonado". Na duba ƙamus na ga flor fure ne. Me fure ke yi a jikin fata? (Dillalin fata, Agege)

Amsa: Malam, a bakin majema da dukawan Sifaniya flor ita ce fuskar fata, ɓangaren da gashi ya fita. Bayanta, ɓangaren nama, carne suke ce masa. Tacto shi ne yadda fata ke ji a hannu. Don haka mutumin ya yi maka ƙorafi biyu ne mabambanta, kuma kowane da tushensa.

Flor áspera, fuskar fata ta yi kaushi. Fatar akuya dama tana da ƙwayar fuska mai bayyana, wadda suke kira grano, kuma wannan ba aibu ba ne, shi ake saye. Shi ya ɗaukaka jar akuyar Sakkwato tun zamanin da fatake ke ketare Sahara da fatunta, har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko. Áspera wani abu ne daban, kaushin da bai kamata ya kasance ba. Yawanci daga ɗayan wurare uku yake zuwa. Ko dai tun dabbar na da rai, ƙazuwa, wadda suke kira sarna, da cizon kaska da kartar ƙaya sun ɓata fuskar. Ko wajen adanawa, an shanya fatar a ƙasa cikin rana tsaka, ko an makara wajen sa gishiri. Ko kuma a majema: fatar da aka tsamo daga ruwan farar ƙasa aka bar ta iska na bugunta, farar ƙasar kan daskare a fuskarta ta bar kaushin da rini ba ya kamawa daidai. Jima mai ƙarfi tun farko, kamar a jefa fata cikin ruwan bagaruwa mai kauri kai tsaye, shi ma yana tsuke fuskar ta yamutse. Da ruwa tsararo ake farawa, a riƙa ƙara ƙarfinsa.

Acartonado daga cartón yake, kwali. Fatar ta sandare, ba ta lanƙwasa. Wannan kusan kullum ƙarancin mai ne, abin da suke kira engrase, ko an busar da ita da gaggawa ba a murza ta ba. In ya ce reseca, ta bushe fiye da kima. In ya ce se cuartea, fuskar na tsagewa in an lanƙwasa.

Kafin ka sake ɗaure kaya, yi gwaji biyu da hannunka. Ninke fatar fuska a waje, ka matse: in ka ga ƙananan tsaga, mai ya yi kaɗan. Sannan ninke ta fuska a ciki: in ta yi manyan tamoji kamar fuskar ta saki jikin fatar, wannan ce flor suelta, kuma tana daga cikin abin da ya fi karya farashi. Ware irin waɗannan daban, kada ka cusa su cikin na ɗaya. Gishiri kuma a sa shi cikin 'yan sa'o'i bayan fiɗa, sabo, kimanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin nauyin ɗanyar fatar. Gishirin da aka kakkaɓe daga wasu fatu yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa jan tabo, arahar da ke cikinsa ba ta kai ɓarnarsa ba.

Akwai kuma kaushin da ake biya dominsa. Ante da serraje fata ce mai gashi-gashi a fuska, nobuk an goge fuskarta kaɗan ta yi laushi kamar karan-miski, grabado an danna mata zane da ƙarfe mai zafi. Fatar da fuskarta ta ɓaci sau da yawa ana goge ta a mayar da ita flor corregida. Kuɗinta bai kai na plena flor ba, wadda ba a taɓa fuskarta ba, amma ya fi a ce an ƙi kayan ɗungurum. Kana iya tambayarsa: "¿Sirve para flor corregida o para forro?" Forro shi ne shafin cikin takalmi.

Tambaya: Ni kafinta ne a Idi-Araba. Na sayi sanfefa a kwali, rubutun jiki duk Sifaniyanci ne: grano grueso, grano medio, grano fino, lija al agua. Wanne zan sa a ina? Sannan me ya sa katako ke sake yin kaushi bayan na shafa fenti na farko? (Kafinta, Idi-Araba)

Amsa: Lija ita ce sanfefa, ana furta ta "liha" da h mai ƙarfi daga maƙogwaro. Grano ƙwayar yashin da ke jikinta. A nan ba a cewa áspero ko rugoso, grueso ake cewa, mai kauri, domin girman ƙwayar ake nufi. Amma kalmomin nan uku kowane kamfani da inda yake yanke iyakarsu, don haka juya bayan takardar ka karanta lambar da ke bin harafin P. Ƙaramar lamba, babbar ƙwaya. P40 da P60 na cire tsohon fenti da daidaita katakon da ya fito daga injin yanka. P80 zuwa P120 na share sawun da na farko ya bari. P150 zuwa P240 na gamawa kafin fenti. Don ka ga tazarar, ƙwayar P40 ta kai kusan rabin milimita, ta P120 kuwa kashi ɗaya cikin takwas na milimita ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake. Mutum ya tashi daga 60 ya faɗa 220 don ya yi sauri. Ƙaramar ƙwaya ba ta iya share zurfin kartar babba, sai dai ta goge samanta, kuma ranar da aka shafa banish duk layukan za su fito fili. Bi 80, 120, 180, ka ƙare da 220, kana bin tsawon jijiyar katako, abin da suke kira a favor de la veta, kana kakkaɓe ƙura tsakanin kowace lamba.

Kaushin da ke dawowa bayan shafin farko sunansa repelo. Ƙananan zaruruwan katako ne da sanfefa ta kwantar, danshi ya taɓa su suka miƙe, kuma fenti mai ruwa ya fi tayar da su. Maganinsa, bayan 180 ka shafa jiƙaƙƙen tsumma, ka bari ya bushe sarai, sannan ka bi da 220 a hankali. Tsakanin shafi da shafi kuma P320 ko P400, hannu sakwa-sakwa.

Lija al agua ita ce baƙar nan da ake jiƙawa, ta masu fentin mota da ƙarfe. Kada ka jiƙa ta a kan ɗanyen katako. In ka ga grano abierto, an bar tazara tsakanin ƙwayoyin don kada ƙura ta toshe su, ita ta dace da katako mai laushi ko mai ƙaro. Sauran kwalin kuma ka ɗaure shi a leda, danshin Legas yana sa takardar ta lanƙwashe ƙwayar ta zube.

Tambaya: Ina kai atamfa, shadda da tawul Malabo, a ƙasar Equatorial Guinea inda ake magana da Sifaniyanci. Kwastomomina mata wani lokaci su taɓa yadi su ce "es basto", wani lokaci "está tieso", wata kuma ta ce "pica". Duk na ɗauka kaushi suke nufi, amma na ga wani suna saye duk da haka, wani kuma ko ragi na yi ba sa ɗauka. (Hajiya, Agege)

Amsa: Hajiya, kin lura da abin da ya kamata. Sirrin yana cikin ƙananan kalmomin nan biyu, es da está. Es na faɗin yadda abu yake a asalinsa, está na faɗin halin da yake ciki yanzu. Wadda ta ce está tieso tana nufin yadin ya sandare, kuma ta san sitaci ne, apresto a yarensu, wanki ɗaya zai sake. Ita za ta saya. Ki ma riga ta da cewa "Es el apresto, se quita al lavar", wato sitaci ne, yana fita da wanki. Wadda ta ce es basto kuwa ta yanke wa kayan hukunci ne: zaren mai kauri ne, saƙar ba ta da kyau, kaya ne na ƙasa-ƙasa. Burdo da tosco ma nan suka dosa, sai dai tosco ya fi zama a kan aikin hannu da ba a gyara ba, kamar kujera ko tukunya. Ragi ba ya sauya ra'ayin mai wannan magana, sai dai ki ɗauko mata wani.

Pica na nufin yana ƙaiƙayi a jiki, rasca ko raspa yana karta. An fi jin su a kan bargo, rigar sanyi da leshi mai zaren ƙyalli. A nan shafi ne magani, ki ce "lleva forro", akwai shafi a ciki. Tawul kuwa in an ce está áspera, yawanci sabulu ne ya taru a cikinsa ko rana ta gasa shi. Ki lura áspera aka ce, ba áspero ba, domin toalla da tela kalmomin mace ne. Wannan ba zai ba ki wuya ba, tunda mu ma muna cewa farin yadi, farar riga.

Tunda hanyar kike bi, ga na man shafawa, don masu saye za su tambaye ki. Piel seca busasshiyar fata, piel áspera mai kaushi, talones agrietados faso, durezas kanta. Man da aka rubuta urea 10% na shafawar yau da kullum ne, mai 25% ko 30% na dunduniya ne kawai, ba a kai shi fuska ko kan buɗaɗɗen rauni. Piedra pómez dutsen goge ƙafa ne, kuma mai ciwon sukari kada ta gurza ƙafarta da shi sai da shawarar likita.

Tambaya: Ina koyon Sifaniyanci da kaina a waya. Na so in ce hanyar unguwarmu ta yi gargada, na rubuta "camino escabroso", sai abokin hirata ya yi dariya. Kuma ana iya cewa mutum áspero ne? (Ɗaliba, Obalende)

Amsa: 'Yar'uwa, ba ki yi kuskuren nahawu ba, kin dai ɗauko babbar riga ne don zuwa cefane. Escabroso na hanyar tsauni ne mai duwatsu da kwazazzabai, kuma a maganar yau da kullum an fi jin ta a kan zance mai nauyi ko na batsa, un tema escabroso. Titin da ruwa ya farfasa ana cewa está lleno de baches, ya cika da ramuka, ko está en mal estado. Ƙasa mai hawa da sauka terreno accidentado ce, ba ruwanta da haɗarin mota. Daɓen da bai daidaita ba desigual ko irregular.

Mutum kuwa, ƙwarai ana cewa áspero, kuma ya yi daidai da namu "kaushin hali": carácter áspero, ko trato áspero ga mai mu'amala ba sakin fuska. Voz áspera kakkausar murya ce, amma wanda mura ta dishe wa murya ronco ake ce masa. Rugoso ba ya shiga nan ko kaɗan, na abin da ake taɓawa ne. Fuskar tsoho kuma arrugada ce. Basto in an ɗora wa mutum zagi ne, bagidaje marar ladabi, don haka a yi hattara da ita. Ana furta ta daidai da vasto, mai faɗi, domin b da v sauti ɗaya ne a yarensu.

Wajen furuci, alamar da ke kan á tana nuna inda ake danna murya: ÁS-pe-ro, ba as-PE-ro ba. Rugoso da rasposo a tsakiya ake danna su, ru-GO-so, kuma r ɗin farkon kalma ana kaɗa harshe sosai, irin r ɗin da ke ƙarshen "biyar" amma a ja ta, ba irin ta "ruwa" ba. Rasposo an fi jin ta a bakin mutanen Latin Amurka, irin su Meziko da Kolombiya. In abokin hirar taki ɗan Madrid ne, áspero zai fi yawan cewa, ko kawai ya ce raspa.